NAMUN DAJINMU DA SAMARINMU

Jawabin da wani ma'aikacin Ofishin Watsa Labarai ya yi wa taron dagatai, malaman makaranta da shugabannin samari



Kafin in shiga abin da ya kawo ni ina neman gafara wurin manya, gama ni yaro ne, ban isa in tsaya gaban masu furfura in ba su labarin daji ba. Akwai a cikinku waɗanda suka sha kwana a dawa tun ba a haife ni ba. Amma aiki ne aka ɗora mini, tilas in sauke shi gwargwadon iyawata, inda na yi kuskure kuwa sai ku gyara mini.

Zan fara da tambaya. A cikin samarin da ke zaune nan, wa ya taɓa ganin giwa da idonsa, tana tafiya bisa ƙafafunta, ba a hoto ba? To, ga shi hannuwan da suka tashi ba su cika tafi ɗaya ba. Alhali kuwa ba ranar da za ta fito ta faɗi ba mu ambaci sunan namun daji ba. In Sarki ya fito sai a ce masa Zaki, a ce masa Toron Giwa. A Kano akwai unguwar Rijiyar Zaki, a Jihar Kaduna akwai garin Giwa. Waɗannan sunaye ba daga sama suka faɗo ba, kakanninmu sun zauna da dabbobin nan ƙasa ɗaya, sun san tsoronsu, sun san kwarjininsu. Mu dai sunayen muka gada, dabbobin kuwa sai ɗan abin da ya rage a gandun daji biyu ko uku. Maganar ɗan abin nan da ya rage ita ce zan yi muku yau, da kuma yadda samari masu jini a jika za su sami abin yi a daji ba tare da sun ƙarasa shi ba.

A cikin 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta wancan zamani ta keɓe wani babban daji a Lardin Bauci, ta hana farauta da noma da kiwo a cikinsa, shi ne Yankari. Ran 1 ga Disamba 1962 aka buɗe shi don jama'a su shiga kallo. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin manyan gandayen ƙasa, sa'an nan a 2006 ta mayar wa Jihar Bauci. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, watau mutum mai ƙarfin tafiya sai ya yi kwanaki bai kewaye shi ba. Mai zuwa daga Bauci sai ya bi hanyar Gombe, in ya kai Dindima ya ratse kudu har ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun take. Daga ƙofar akwai sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya cikin daji tsantsa kafin a isa masaukin Wikki. Duka dai tafiyar ba ta wuce kilomita 110 da kaɗan ba, wajen mil 70 ke nan ga masu lissafi da mil.

Na yi wannan tafiya a cikin watan Maris, lokacin da ciyawa ta bushe, tabkuna suka ƙafe, kowace dabba ta doshi kogin Gaji, wanda ya ratsa gandun ta tsakiya. Muka fita da sassafe cikin mota buɗaɗɗiya, da mai gadin daji a gaba. Kafin rana ta yi zafi mun ga gwanki da kanki da gwambaza, mun ga mazo ya gilma cikin duhuwa, mugun dawa ya ɗaga wutsiya ya ranta a na kare, ga dorina ta fito da hanci cikin ruwa, ga kada yana shan hantsi a kan yashi. Tsuntsaye kuwa an ƙidaya fiye da iri 350 a wannan daji. Sai can mai gadin ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Muka yi tsit. Da fari ban ga komai ba sai itatuwan marke da kawo, sa'an nan na ga kamar wani yanki na dajin ne ke motsi. Giwaye ne, wata tsohuwa a gaba, 'ya'ya a tsakiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin ƙarar sawunsu. Dabba mai wannan nauyi ta wuce ka ba ka ji takunta ba, sai dai ƙarar reshe in ta karya. Na karanta labarin giwa a makaranta, na ci jarrabawa a kansa, amma ran nan na san gani ya kori ji.

Da la'asar muka gangara Wikki. Ruwa ne mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau da shi har kana ganin farin yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, masana kuma sun auna sun ce yana zubar da wajen lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. Wanda ya iya iyo ya yi, wanda bai iya ba ya tsaya inda ruwa bai fi ƙugu ba. Gargaɗi ɗaya zan yi wa mai zuwa, ya yi hankali da gwaggon biri. Na ajiye burodina a kan dakali na juya in ɗaure takalmi, ko da na waiwaya sai na hango shi bisa rufin ɗaki yana ci yana kallona, ko kunya babu. Laifin kuwa namu ne mu baƙi, mu muka saba musu da jefa musu abinci.

Ba namun daji kaɗai ke Yankari ba. Akwai koguna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, ana kiransu kogunan Marshall da sunan Baturen da ya bayyana su a 1980, ana kuma zaton mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi. Akwai tsofaffin rijiyoyi a Dukkey, akwai kufan maƙera inda aka narka tama, murahunsu na nan tsaye har yau. Malaman tarihi su lura da wannan.

Yanzu sai mu zo inda gizo ke saƙa. A 2006 aka ƙidaya giwayen Yankari daga jirgin sama, aka sami kusan 350. Bayan kamar shekara goma masana suka ƙiyasta ba su wuce 100 zuwa 150 ba. Ina sauran suka tafi? Ɓarayin haure ne suka kashe galibinsu. Tun 1989 ƙasashen duniya suka haɗu suka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasa da ƙasa, amma kasuwar ɓoye ba ta mutu ba, har a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a bainar jama'a a Abuja. Wani zai ce, to mene ne, ai za su sake haihuwa. Ku yi lissafin nan tare da ni. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, sau da yawa ta haifi tagwaye, 'yarta kuma kafin shekara ta zagayo ta isa ɗaukar nata. Giwa kuwa sai ta haura shekara goma kafin ta yi cikin fari, cikin ya yi wata 22, ta haifi ɗa guda ɗaya tak, ba za ta sake ba sai bayan shekara huɗu ko biyar. Abin da harsashi ya ɗauke cikin dare ɗaya, sai a yi shekara ashirin ba a mayar da shi ba. In kuwa tsohuwar da ke jan garke aka kashe, hasarar ta fi haka, domin ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ta san hanyar da babu haɗari.

Alhamdu lillahi an farga. A 2014 Gwamnatin Jihar Bauci ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna WCS, aka ƙara wa masu gadi horo da kayan aiki da guzurin sintiri, aka ɗaura wa waɗansu giwaye wata na'ura a wuya mai nuna inda garke yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Daga 2015 aka shafe shekaru ba a tsinci gawar giwar da ɓarayi suka kashe ba. Kada ku ɗauka wannan aiki wasa ne. Masu gadin nan 'ya'yan ƙauyukanku ne, suna kwana a ƙasa cikin sauro da tsando, suna arangama da masu bindiga, waɗansunsu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki, sun bar mata da marayu.

Na san abin da ke cikin zuciyar waɗansu iyayena a nan, gara in faɗe shi da bakina. Wani dattijo a wani ƙauye na bakin gandun ya kama hannuna ya kai ni gonarsa. Dawa ce ta yi kai, saura kwana kaɗan a yanke, giwaye suka shiga cikin dare ɗaya suka mai da ita fili. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ku da kuke Ofis kun ce a bar giwa ta rayu. To, ni da iyalina fa?" Na rasa abin da zan ce masa, gama gaskiya ce ya faɗa. Giwa babba takan ci abin da ya kai kilo 150 a rana, ba ta kuwa san iyakar da aka zana a taswira ba. A ganina duk wanda ya zo muku da zancen kare namun daji bai ambaci gonar talaka ba, rabin magana ya kawo. Ba a sami maganin abin ɗungum ba tukuna, amma akwai dabarun da suka rage ɓarna. An zaɓi mutane a ƙauyuka an ba su wayar hannu, da sun ga garke ya doso su sanar da masu gadi a zo a kora tun bai shiga gona ba. An kafa rumfunan tsaro masu tsawo inda manomi zai kwana yana hangen gonarsa ba tare da ya sa ransa cikin haɗari ba. Akwai kuma dabarar da aka fara gwadawa a Kenya, ta jera amya a gefen gona, domin giwa duk girmanta tana tsoron ƙudan zuma, manomi kuma ya sami zumar sayarwa. Abin da na roƙe ku shi ne, in ɓarna ta auku a kai ƙara wurin dagaci, dagaci ya kai gaba a rubuce, da ranar da sunan mai gona. Ƙarar da ke kan takarda ita ce ake iya bi.

Ga 'yan'uwanmu makiyaya kuma magana biyu. Shigar da shanu cikin gandu hasara ce ta kowane gefe. Annobar bushiya ta 1983, wadda ta karkashe shanu a Arewa, ta shiga Yankari ta kashe ɓauna da yawa, cuta kuwa yadda take shiga haka take fita. Ta biyu ita ce zuba guba a mushe. Zaki ko kura ta kama sa, mai shi ya ji zafi ya barbaɗa wa gawar maganin ƙwari. Wanda ya yi laifin zai ci ya mutu, amma tare da shi dila da ungulu da duk abin da ya sauka a kan mushen. Zakokin Yankari yanzu 'yan ƙalilan ne, irinsu na Afirka ta Yamma kuwa yana bakin ƙarewa a duniya duka. Ku tambayi mahauta rabon da su ga ungulu ta cika mahauta kamar da.

To, samari, na zo kanku. Ban zo in zagi farauta ba. Maharbin da mutum ne mai ilimi, ya san sawu, ya san iska, ya san itacen magani, yakan sa burtu a ka ya yi rarrafe rabin yini kafin ya saki kibiya ɗaya. Yana ƙarƙashin Sarkin Baka, akwai lokacin fita akwai lokacin bari. Wannan daban yake da abin da muke gani yau, inda samari ɗari za su cika mota, su cinna wa daji wuta, su kashe mai ciki da mai shayarwa, su komo da zomo uku da raunuka goma. Na lura kuwa yawancinsu ba yunwa ce ta fitar da su ba. Abin da suke nema shi ne a san su maza ne, su gwada ƙarfinsu da na daji, su dawo da labari. Wannan buri ba laifi ba ne, ni ma ina da shi. Hanyar biyansa ce ya kamata a sake.

Dubi mutanen Kabi. Tun 1934 bikin kamun kifi na Argungu ya kahu, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Ran bikin dubban maza ke rugawa cikin ruwan Matan Fada da homa da gora, a yi tseren kwalekwale, a yi nutso, a yi kamun kifi da hannu, a yi kamun agwagwar ruwa. Ba wanda zai kalli wannan ya ce ba jarumtaka ba ce. Amma me ya sa ake samun giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun ɗauka? Domin an hana su a wurin sauran kwanakin shekara, Sarkin Ruwa na tsaye a kan dokar, kifi ya sami sararin girma. Ashe keɓe wuri don dabba ta hayayyafa ba Bature ne ya koya mana ba.

Wanda ke son gwada ƙashinsa da dutse, ga duwatsun Shere a gabashin Jos, mafi tsawonsu ya kai mita 1,800 da 'yan kai. A gindinsu akwai makarantar horon shugabanci wadda jama'a suka fi sani da Man O' War, inda ake koya wa matasa hawan dutse da igiya, da saukowa ta fuskar dutse a miƙe, da bin taswira da kamfas, da kwana a fili cikin sanyin Filato. Na yi wannan horo. Ran da aka ɗaura mini igiya a ƙugu aka ce in ba rami baya in jingina da iska, gwiwoyina suka yi ta kaɗawa, wani yaro ɗan ƙarami da na raina shi ne ya riƙe igiyar da raina ke rataye a kai. Tun daga ranar na rage cika baki. Wanda Shere ta yi masa kaɗan sai ya nufi gandun Gashaka-Gumti, a Jihohin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandu girma a Nijeriya. A can ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, a kan iyakar Kamaru. Tsawonsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan. Tafiyar kwanaki ce a ƙasa, ana ƙetare rafuka, ana ratsa kurmi inda birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, yake zaune, a ƙarshe a fito fili mai ciyawa da hazo inda sanyi ke hana barci. Wanda ya taka ƙololuwar nan ya dawo, ina ganin ya fi mai zomo uku abin faɗi a dandali.

Akwai ma farautar da babu jini a cikinta. Bin sawun gwanki har ka matso shi taki ashirin ka ɗauki hotonsa bai ji ka ba, ya fi harbinsa daga nesa wuya. Ilimin nan na maharba shi ake bukata, baƙo mai kyamara kuwa biya yake yi a kai shi, gobe wani ya zo a sake kai shi wurin gwankin nan dai. Da yawa cikin gwanayen masu gadin daji a Afirka tsofaffin maharba ne.

Kada kowa ya ce abin da ya lalace ba ya gyaruwa. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun gwada. Raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma sun ƙare ko'ina sai a yankin Kure, gabas da Yamai, inda a 1996 aka ƙidaya 49 kacal. Hukuma ta tsananta doka, aka sa mutanen ƙauyuka cikin aikin, suna yi wa baƙi jagora suna samu. Bayan shekara ashirin da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi. Mu kuwa namu sun riga sun ƙare a Yankari. Waɗanda ke gandun Sumu a Jihar Bauci daga Namibiya aka kawo su a 2006, bayan doguwar tafiya da ɗawainiya mai yawa, kuma ba irin namu na asali ba ne.

Saura ƙa'idodin fita, ina roƙon malamai da shugabannin samari su rubuta. Kada ƙungiya ta shiga kowane daji sai ta nemi izinin hukumar gandun, ta kuma tambayi jami'an tsaro halin da hanya take ciki a makon nan, gama kun san waɗansu dazuzzukan Arewa sun zama maɓoyar 'yan bindiga, labarin bara kuwa ba ya amfani bana. A tafi da jagora ɗan ƙasa, a bar wa dagaci sunayen masu tafiya da ranar komowa. Kowa ya riƙe ruwan da zai ishe shi, da takalmi sau-ciki, da gidan sauro, a kuma sami mutum ɗaya aƙalla da ya iya taimakon farko. A guji tufa baƙa ko shuɗiya inda tsando yake, domin su yake bi. In an hura wuta a kashe ta da ƙasa kafin a tashi, leda da gwangwani a komo da su gida. A cikin Yankari ba a sauka daga mota sai mai gadi ya ce a sauka, ba a kuma shiga tsakanin giwa da ɗanta ko da wane dalili.

Lokacin da ya fi kyau a je Yankari shi ne daga Janairu zuwa Afrilu. Makarantar da ke da niyyar kai yara bana ta rubuto wa Ofishinmu tun da wata guda, ta faɗi yawan yara da na malaman da za su raka su, mu kuwa za mu haɗa ta da hukumar gandun don a shirya masauki da mota. Dagatan da ke da ƙarar ɓarnar gona su tsaya bayan an tashi, na zo da takarda zan rubuta.  Wanda ke da tambaya ga ni.